Na'urar Numfashi da Amanar Marar Lafiya

Ranar 19 ga watan Maris na shekarar 2020 ne hukumomin kiwon lafiya suka ba da sanarwar samun mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Yamai. Kafin watan azumi ya kama, wata kalma da a da ba a jin ta sai a bakin likitocin manyan asibitoci ta riga ta shiga gidajen rediyo, ta shiga fadodin samari da tashoshin mota: na'urar numfashi. Magana biyu suka riƙa yawo a kanta. Ta farko ta fito ne daga shugabannin duniya, waɗanda suka mai da ƙidayar waɗannan na'urori ma'aunin ƙarfin ƙasa, kamar duk ƙasar da ta tara su ta tsira ke nan. Ta biyu ta bi ta wayoyin salula, tana cewa duk wanda aka sa wa na'urar, to danginsa su nemi likkafani, don ita ce ke kisa. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa korona ta fita daga matsayin annobar gaggawa, amma maganganun nan biyu suna nan a bakin jama'a. Har gobe akwai iyalin da za a kira a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, a ce musu ɗan'uwansu ba ya iya numfashi da kansa, a nemi amincewarsu cikin ƴan mintoci. Da abin da suka ji a gari za su yanke shawara, alhali rai ne a tsakani.

Kowace daga cikin maganganun biyu rabin gaskiya ta ɗauka ta bar rabi. Na'urar tana ceton rai, tana kuma iya yi wa huhu lahani, kuma abin da ke rinjayar da sakamako shi ne hannun da ke sarrafa ta da halin asibitin da take ciki. Saboda haka duk wanda ya zo da magana a kanta, likita ne ko minista, ɗan kasuwa ne ko mai aika saƙon murya, haƙƙin jama'a ne su nemi hujjarsa kafin su ba shi amana.

Mai lafiya idan zai yi numfashi ƙirjinsa ke buɗewa, iska ta shiga huhu da kanta ba tare da an tura ta ba. Na'urar juya wannan aiki take yi. Ana zura mesa ta baki har cikin maƙogwaro, injin ya riƙa tura iska mai haɗe da oksijin zuwa cikin huhu, dare da rana. Ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta kuma sauke kumburin huhu. Aikinta shi ne ta riƙe marar lafiya da rai na ƴan kwanaki ko makwanni, har magani ya yi aiki ko jiki ya farfaɗo. Tarihinta ma ya nuna haka. A shekarar 1952 annobar shan inna ta faɗa wa Kopanhegan, babban birnin Danmak, inda a asibitin Blegdam mutum 27 suka mutu daga cikin 31 na farko da cutar ta shanye musu numfashi. Wani likita mai sa barci lokacin tiyata, Bjørn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa mesa, a riƙa matsa jakar roba da hannu. Ɗaliban likitanci kusan 1,500 suka yi ta karɓa-karɓa a gefen gadaje tsawon makwanni, yawan masu mutuwa ya sauko daga kusan kashi 90 cikin 100 zuwa wajen kashi 40. Injin da aka ƙera daga baya hannun waɗannan ɗalibai ya maye, amma bai maye idon da ke kallon marar lafiya ba.

Haɗarin na'urar sananne ne ga duk likitan da ya san aikinsa. Huhu abu ne mai laushi. Idan aka tura masa iska fiye da ƙima, ƙananan jakunkunan da ke cikinsa sukan yage, wani lokaci iska ta tsere ta taru a ƙirji ta danne huhun. Mesar da ke cikin maƙogwaro tana hana tari, tana buɗe wa ƙwayoyin cutar asibiti hanya, don haka sau da yawa wani sabon ciwon huhu kan hau kan na farko. Dole a ba marar lafiya maganin barci mai ƙarfi don ya jure mesar, kuma idan aka daɗe jijiyoyin numfashinsa sukan yi sanyi, hankalinsa ya rikice, wanda ya tashi ma yakan yi watanni kafin ƙarfinsa ya dawo. Idan mesar ta toshe da majina ko ta zame ba wanda ya lura, mintoci kaɗan sun isa a rasa shi. Likitan da ya ɓoye wa dangi waɗannan abubuwa bai riƙe amana ba.

Abin lura shi ne yadda likitoci suka gane kurakuransu. Shekaru da dama ana cika huhun marasa lafiya da iska mai yawa, bisa zaton hakan ne ya fi. Sai a shekarar 2000 aka wallafa wani bincike da aka yi a asibitocin Amurka kan mutum 861, aka raba su gida biyu: wasu ana tura musu mililita 12 na iska ga kowane kilo na nauyin jiki, wasu mililita 6. Cikin na farko kusan kashi 40 cikin 100 suka mutu, cikin na biyu kashi 31. A shekarar 2013 wani bincike da likitocin birnin Liyon na Faransa suka jagoranta kan mutum 466 ya nuna cewa kwantar da mai tsananin ciwon huhu rub da ciki na aƙalla awa 16 a yini ya rage mutuwa daga kusan kashi 33 zuwa kashi 16. Injin bai canza ba, yadda ake aiki da shi ne ya canza, kuma ƙidaya ce ta tilasta canjin. Wannan ne ya bambanta maganar da ta cancanci amana da wadda ba ta cancanta ba: ta farko tana yarda a auna ta, idan ta faɗi a jarrabawa ta janye.

Ƙidayar ma tana buƙatar mai karanta ta da natsuwa. A watan Afrilu na 2020 wata babbar mujallar likitocin Amurka ta wallafa rahoto kan marasa lafiya 5,700 a asibitocin yankin Niyok, jaridun duniya suka ɗauki jimla guda daga ciki: kashi 88 cikin 100 na waɗanda aka sa wa na'ura sun mutu. Wannan adadi yana cikin abubuwan da suka ciyar da jita-jitar cewa na'urar kisa take. Ga yadda aka same shi. Mutum 1,151 aka sa wa na'ura. A ranar da aka rufe lissafi 282 sun mutu, 38 an sallame su, 831 suna kwance ana jinyarsu. Masu binciken sun ajiye waɗanda ke kwance a gefe, suka raba 282 da 320. Bayan ƴan kwanaki mujallar ta yi gyara, ta nuna cewa idan aka haɗa kowa da kowa kashi 24.5 ne suka mutu zuwa ranar, ko da yake wasu daga cikin na kwance za su ƙaru daga baya. Gyaran bai yi tafiyar da kuskuren ya yi ba. Akwai kuma abin da mai yaɗa jita-jita ke mantawa: ba a sa wa kowa na'ura sai wanda ya riga ya kai gaɓar mutuwa. Wanda ya ɗora mata laifin duk gawar da ta fito daga wannan ɗaki, kamar mai zargin ƴan kashe gobara ne da ta da wuta, don kullum a wurin gobara yake ganin su.

Duk da haka, ruwa ba ya tsami banza. A watannin farko na annobar, asibitoci da yawa a Turai da Amurka sun riƙa gaggauta sa mesa, wani ɓangare don tsoron kada sauran hanyoyin ba da iska su watsa wa ma'aikata cutar. Tun a lokacin wasu ƙwararrun likitoci suka yi gargaɗi, kuma a hankali aka rage gaggawar. Wani bincike na Ingila da aka wallafa a watan Janairu na 2022 ya nuna cewa abin rufe fuska mai tura iska a hankali ba tare da mesa ba ya rage yawan waɗanda suka kai ga buƙatar mesa ko suka mutu, daga kashi 44 zuwa kashi 36. Masu shakku sun taɓo wani abu na gaskiya, sai dai sun wuce gona da iri da suka mai da kuskuren lokaci hujjar ƙin na'urar baki ɗaya.

A nahiyar Afirka matsalar ta fi haka zurfi. A watan Afrilu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce na'urorin numfashi masu aiki a asibitocin gwamnati na ƙasashe 41 ba su kai 2,000 ba. Daga nan aka shiga rige-rigen saye da karɓar gudummawa. Amma wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya bi diddigin masu tsananin korona fiye da 3,000 a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, har da Nijar da Najeriya, ya gano cewa kashi 48 cikin 100 sun mutu cikin kwana 30, alhali matsakaicin adadin duniya bai kai kashi 32 ba. Na'ura tana buƙatar likitan da ya ƙware a kanta, da ma'aikacin jinya da ba ya barin gefen gado, da awon jini a kai a kai, da magungunan barci, da makanikin da zai gyara ta, da iskar oksijin da ba ta yankewa, da wutar lantarki. Ƴan Nijar ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda ke ba ƙasar nan kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta a wancan lokaci, ta katse layi saboda takunkumi, sai a 2024 aka maido. Duk asibitin da zai ɗora ran mutum a kan inji, wajibi ne ya riga ya amsa tambayar abin da zai faru idan wuta ta ɗauke da tsakar dare.

Misali guda ya isa ya nuna cewa amfanin na'ura yana tare da wurin da aka girka ta. Akwai wata ƙaramar na'ura mai araha da ke tura wa yara masu ciwon huhu iska ta hanci. A wani babban asibiti na Daka, a ƙasar Bangaladash, inda likitoci ke kusa kullum, binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna kashi 4 cikin 100 na yaran da aka sa wa ita suka mutu, a kan kashi 15 na waɗanda aka ba oksijin kawai. Da aka gwada irinta a wani asibitin gunduma na ƙasar Malawi, inda babu likitan da ke duba yaran kowace rana, sakamakon da ya fito a 2019 ya juya: kashi 17 suka mutu cikin waɗanda aka sa wa na'urar, kashi 11 cikin waɗanda aka ba oksijin kawai. Duk mai mulkin da ke shirin yanka ƙyalle a gaban sababbin injuna ya kamata a karanta masa wannan labari.

Abin da ya fi kashe masu ciwon numfashi a karkara ya fi ƙarancin injuna sauƙin magancewa. Ciwon huhu ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar sama da 700,000 a duniya cikin shekarar 2019 kaɗai, kuma akasarinsu abin da suka rasa shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da iskar oksijin a kan lokaci. A ƙasar Papuwa Niyu Gini, binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa samar da injin tace oksijin da ɗan ma'aunin da ake maƙala wa yaro a yatsa ya rage mutuwar yara masu ciwon huhu da kashi 35 cikin 100. Kuɗin na'urar numfashi guda zai sayi irin waɗannan kaya da yawa. Sai dai su ba sa cika hoton talabijin.

Annobar ta kuma koya wa duniya cewa babban suna ba hujja ba ne. A watan Maris na 2020 Farfesa Didier Raoult na birnin Marsai ya yi shelar cewa wani dangin kulorokin yana maganin korona, maganar ta samu karɓuwa ƙwarai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Bincikensa a kan mutum 36 ne kacal, kuma an cire shida daga lissafin waɗanda suka sha maganin, cikinsu har da uku da aka kai sashen kulawa ta musamman da ɗaya da ya mutu. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a watan Disamba na 2024. A ɗaya gefen, mujallar Lancet ta buga a watan Mayu na 2020 cewa bayanan mutum 96,000 sun nuna kulorokin na ƙara kisa, sai ga shi kamfanin da ya ba da bayanan ya kasa nuna su, aka janye rahoton cikin mako biyu. Shugaban Madagaska na wancan lokaci, Andry Rajoelina, ya tallata ruwan ganyen Covid-Organics a watan Afrilu na 2020, ƙasashe da dama suka karɓa har da Nijar, ba tare da an gabatar da gwajin da ya tabbatar da amfaninsa ba. Kamfanoni ma ba su tsira ba: a watan Yuni na 2021 Philips ya janye miliyoyin na'urorin taimakon numfashi, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya marmashewa marar lafiya ya shaƙa. Abin da ya raba gardama shi ne gwajin da jami'ar Okusfod ta jagoranta, inda aka raba dubban marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a. A watan Yuni na 2020 ya nuna maganin Raoult bai rage mutuwa ba, ya kuma nuna cewa wani tsohon magani mai araha, deksametazon, ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'ura daga kashi 41 zuwa kashi 29. Gwajin ya kuma faɗi iyakar maganin: ba ya amfanar wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba, don haka ba abin saye ba ne a hannun masu tallar magani.

Shakkun talakan ƙasar Hausa yana da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa mutum sama da 50,000 allurar rigakafi ta jabu da ta shigo a matsayin gudummawa. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya shafi yara 200, 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Amma gudun ma yana da nasa tsada. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, kuma ƴaƴan talakawa ne suka gurgunce. Yarda ido rufe da ƙi ido rufe duk a kan marar ƙarfi suke ƙarewa.

Matambayi ba ya ɓata. Iyalin da aka nemi amincewarsu suna da ikon su ji, cikin harshen da suke fahimta, abin da ya hana ɗan'uwansu numfashi da ko ana sa ran ciwon ya warke, ko akwai hanya mai sauƙi da za a fara gwadawa, wanda zai kwana a gefen gadon, tanadin da aka yi idan wuta ta ɗauke, da kuma yawan kuɗin da za a nema. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Idan ya amsa su dalla-dalla ya ce ba makawa sai an sa mesa, jinkiri saboda saƙon murya na wanda ba a san shi ba ganganci ne, domin mai shaƙewa ba ya jiran a gama gardama.

Babban nauyin kuwa yana wuyan hukuma. Ya kamata ma'aikatar kiwon lafiya ta riƙa wallafa, kowace shekara, yawan waɗanda aka sa wa na'ura a kowane babban asibiti, da yawan waɗanda suka tashi, da yawan na'urorin da ke aiki da waɗanda ke ajiye ƙura ta rufe su. Kamata ya yi oksijin da ma'auninsa su isa asibitocin gundumomi da cibiyoyin lafiya na karkara kafin a ƙara sayen injuna masu tsada, kuma duk kwangilar na'ura ta zo da kuɗin horar da ma'aikata da na kayan gyara, a bayyane. Ƴan jarida su ma da sauransu: wanda ya buga adadi bai tambayi cikin mutum nawa ba, ya taya jita-jita aiki. Malamai da sarakuna, waɗanda jama'a ke saurare fiye da kowace sanarwa, su nemi bayani daga masana kafin su hau mumbari ko su tara talakawa.

Amana tsakanin asibiti da jama'a ba a kafa ta da umarni. Tana samuwa ne a ranar da ma'aikacin lafiya ya faɗi haɗari kamar yadda yake faɗin amfani, hukuma ta fito da lissafinta ko da bai yi mata daɗi ba, shi kuma talaka ya ga an amsa tambayarsa ba tare da tsawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: wannan aiki yanzu ya kamata a yi shi, tun wata annobar ba ta ƙwanƙwasa ƙofa ba.